Nafi'u Mai Man Tsauri

A Jiga Birni in aka ambaci Nafi'u na gidan Malam Isa, dattawa sukan yi shiru su kalli ƙasa, matasa kuwa sai sun yi dariya tukuna su tambayi me ya sake ɓallowa. Ba ɓarawo ba ne, ba mashayi ba ne, salla ma ba ta wuce shi. Ciwonsa ɗaya ne. Tun yana ƙarami ya yanke wa kansa cewa garin ya yi masa kaɗan, mutanen cikinsa kuma duk ƙauyawa ne da ba su san darajar wanda ke zaune a tsakaninsu ba.

Makaranta ya bar ta a tsakiyar sakandare, wai malaman ba su da sauran abin da za su ƙara masa. Gona kuwa ya ce bayansa ba na duƙawa ba ne. Ya yi kamasho a tashar Jega, aka kore shi saboda yana koya wa direbobi tuƙi alhali bai taɓa riƙe sitiyari ba. Ya buɗe wurin cajin waya, ya ƙone wayoyin mutane, ya ce laifin janareta ne. Daga ƙarshe ya sauka a kan kabu-kabu tsakanin Aliero da Jega, yana ɗaukar fasinja yana yi musu lacca a kan yadda ya kamata a gyara ƙasa. Gidan kuwa matarsa Ummukulsum ce ke riƙe da shi, da ƙuli-ƙuli da man gyaɗan da take matsa da hannunta. Shi a bakinsa wannan sana'ar mata ce, ba abin da mai tunani zai tsaya kallo ba, ko da yake daga cikinta ake dafa tuwon da yake ci.

Yana da ƙanwa, Raihanatu, wadda ta yi abin da shi ya ce ba shi da amfani: ta zauna ta yi karatu har ta kai shekarar ƙarshe a jami'a, tana nazarin ƙwayoyin cuta. Da lokacin bincikenta ya zo, aka ba ta aiki a kan tsauri, ciyawar nan mai ƙamshin lemun tsami da masu shayi ke jefawa a buta. Za ta tatso man da ke cikin ganyen, ta gwada ko yana hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa. Ganyen da take bukata mai yawa ne, a wani lambu da ke Birnin Malam ake samunsa, don haka ta roƙi yayanta ya riƙa ɗauko mata a babur.

Ya yi ta jigila yana mita. Wata rana da ya sauke dami a ƙofar ɗakin gwaje-gwaje, ya ce shi dai yau sai ya ga abin da ake yi da ciyawar da ta kusa karya masa babur. Raihanatu ta fito masa da wani ɗan faranti na gilas a rufe, ta ɗaga shi wajen haske. Cikinsa wani abu ne kamar daskararren koko, ya yi fari-fari ko'ina, sai wuri ɗaya a tsakiya inda aka ɗora 'yar takarda. Kewayen takardar ya yi tas kamar an share.

"Wanga farin da kake gani ƙwayoyin cuta ne," in ji ta. "Takardar kuma na jiƙa ta da man tsauri. Ka ga ba su iya matsowa kusa da ita ba."

Nafi'u ya ƙura ido. "Wato man ya kashe su."

"A cikin faranti, Yaya. Faranti daban, jikin mutum daban. Shi man in ka ɗiga shi tsagwaronsa a fata ƙona ka zai yi. Kuma wasu ƙwayoyin ko gezau ba su yi. Akwai sauran aiki mai yawa kahin a ce ya zama magani."

Daga "a cikin faranti" zuwa ƙarshen maganarta babu abin da ya shiga kunnen Nafi'u. Ya riga ya zaro waya ya ɗauki hoton farantin. A hanyarsa ta komawa gida bai ɗauki fasinja ko ɗaya ba. Yana ta dariya shi kaɗai, yana mamakin irin wautar 'yan boko: ga arziki a hannunsu, sun rufe shi a gilas suna rubuce-rubuce.

Ya fara da gwada tatsar man kamar yadda ya hango ana yi. Ya cika tukunyar Ummukulsum da ganye da ruwa, ya liƙe murfin da ƙullun gari, ya soka tiyon babur. Abin da ya samu shi ne ruwan ɗumi mai ƙamshi, da tukunya da ta ƙone har gindi. Da ya tambayi Raihanatu a kaikaice, ta gaya masa duk damman da ya yi ta kawowa man da suka bayar bai cika 'yar kwalbar turare ba. Nan ma ya ga wata wautar. Wa zai tsaya jiran ɗigo? Ya ɗebi man gyaɗan matarsa, ya yanka ganyen tsauri ya soya a ciki har man ya yi kore-kore, ya tace da tsohon ɗankwali, ya ƙara turaren lemo don ƙamshin ya tashi. Ya ɗura a ƙananan kwalabe.

"Baban Sumayya, man mutane ne hwa wanga," Ummukulsum ta ce masa daga bakin murhu. "Na yi alkawarin kai shi Aliero."

"Ke dai zuba ido. Man da kike saida wa masu ƙosai, ni asibiti zan maishe shi."

Ya sayi farar riga irin ta likitoci a wajen 'yan gwanjo, da tabarau marar magani, da ƙaramar lasifika. Hoton farantin ya kai aka buga masa shi ƙato a kan leda, aka rubuta a ƙasa: Dakta Nafi'u, Binciken Jami'a. Ya daina kabu-kabu. Ya shiga bin kasuwanni, yau Jega, gobe Aliero, jibi Maiyama.

Abin da ba za a hana shi ba, yana da baki. Zai rataye ledar a jikin babur, ya nuna farin da sanda ya ce wannan taifot ne, ko basir, ko sanyi, gwargwadon fuskokin da ya gani a gabansa. Sannan ya nuna wurin da ya yi tas ya ce, "Ku diba da idonku. Ba ni na hwaɗa ba, na'ura ta hwaɗa." Man yana maganin ƙaiƙayi, yana maganin ciwon haƙori, ana ɗiga shi a kunne, ana shafa wa gyambo, ana lasa da safe don wankin ciki. Ranar kasuwar Maiyama, da yake Fulani sun fi yawa, sai ya ƙara da cewa yana warkar da ciwon kofaton shanu. Mutane suka yi ta saye. Mai ƙaiƙayin da dama zai warke ya warke ya zo ya yi godiya, wanda bai warke ba ya ɗauka ciwonsa ne mai taurin kai. Nafi'u kuwa in ya dawo gida ya tuɓe farar rigar, sai ya kwaikwayi yadda tsofaffi ke miƙo hannu suna rawar jiki, ya ce da ya san mutane haka suke da bai ɓata ƙuruciyarsa a kan babur ba.

Labari ya kai wa Raihanatu ta bakin wata ƙawarta da ta ga hoton a kasuwa ta gane rubutun da ke gefen farantin. Ta zo gidan ranta a ɓace, ta same shi a tsakar gida yana ɗura kwalabe.

"Yaya, aikina ka rataye a kasuwa kana yi wa mutane ƙarya da shi."

"Wace ƙarya? Ba ke kika nuna mani ba?"

"Na nuna maka man tsauri a faranti. Wanga man gyaɗa ne. Ko ƙuda ba ya kashewa, balle cuta. Wani zai zamna gida da ciwon da ya kamata a kai asibiti, yana shafa mai har abin ya fi ƙarfinsa."

Nafi'u ya gyara tabarau. "Matsalarku ke nan ku 'yan boko, tsoro. Kun ga gaskiya da idonku, amma sai Bature ya sa hannu. In hassada ce ki hwaɗa mani, in sa sunanki a ƙasan nawa."

Ta kai ƙara wajen mahaifiyarsu. Tsohuwar ta kira shi ta yi masa faɗa, ya durƙusa ya ce ya ji, ya tashi ya tafi kasuwa.

Abin ya faru ne a Jega, ranar kasuwa, da hantsi. Ya kafa baburinsa kusa da rumfar mahauta saboda nan jama'a suka fi taruwa. Don a gan shi da kyau ya ari wani tsohon benci ya hau. Yana tsakiyar bayanin yadda man ke bin jini yana farautar cuta gida-gida, ƙafar bencin ta karye. Ya zo ƙasa, takalminsa ya fita, ƙafarsa ta dama ta faɗa cikin lambatun da ruwan wankin nama da tumbi ke bi. A can ƙasa akwai tsinin ƙashi. Ya shige masa tsakanin 'yan yatsu ya tsaga har tafin ƙafa.

Murtala, wani mahauci mai faɗin ƙirji da ya daɗe yana sauraron wannan lacca ba da son ransa ba, shi ya ɗago shi. Ya dubi raunin ya ce, "Wanga sai an wanke an yi allura. Ruwan nan ba shi da kyau. Hau babur in kai ka asibiti."

Nafi'u ya buɗe baki zai ce to. Sai ya ga jama'a sun yi da'ira, wayoyi a sama ana ɗauka. Wani daga baya ya ce, "Asibitin mi? Ba ga magani nan a hannunshi ba?" Aka yi dariya.

Dariyar ce ta yanke hukunci. Ya zauna a kan karyayyen bencin, ya ɗaga ƙafar yadda kowa zai gani, ya buɗe kwalba ya tuttula man a cikin raunin, da ƙazantar lambatun da komai. Ya yage gefen ƙyalle ya ɗaure. Ya ɗauki lasifika ya ce duk mai shakka ya dawo kasuwa mai zuwa ya ga ƙafar. Ranar ko kwalba ɗaya bai koma da ita gida ba. Murtala ya girgiza kai ya koma kan namansa.

Kasuwa mai zuwa ta ci ba Dakta. Ƙafar ta kumbura ta yi sheƙi, kaluluwa ta fito masa a matsematsi, zazzaɓi ya kwantar da shi. Ummukulsum ta yi magiya ya bari a kai shi asibiti, ya ce asibitin Jega ko na Aliero wa bai san fuskarsa ba? Hoton da aka ɗauka yana yawo a wayoyi, in aka gan shi a layin ganin likita ai ya gama yawo. Ya ci gaba da zuba man, safe da yamma, yana cewa ciwon ne ke fitowa. Ɗakin ya fara wani wari da turaren lemo bai iya rufewa ba. 'Yan yatsu biyu suka yi baƙi.

Ummukulsum ta aika aka kira Raihanatu. Da ta shigo ta yaye ƙyallen, sai da ta kau da kai. Nafi'u ya jira matarsa ta fita ɗebo ruwa, sannan ya yi ƙasa da murya.

"Raihanatu, ba ki da sauran na gaskiyar? Wanda kika tatsa. Ko ɗan kaɗan ne kawo mani."

Ta mayar da ƙyallen ta rufe ƙafar. "Ashe ka san naka ba na gaskiya ba ne."

Ya juya fuska wajen bango.

"Ko na gaskiyar na kawo, Yaya, ƙona naman zai yi, cutar kuma ta riga ta shige ciki. Tashi mu tahi. In ka ƙara zama ƙafar duka za ta tahi, ko kai kanka."

Ya yarda, amma da sharaɗi. Maiyama za a kai shi, can ba a san shi sosai ba. Ya sa aka naɗa masa rawani har ya rufe baki, mutumin da bai taɓa naɗa rawani ba ko ranar aurensa. Aka samo mota aka kwantar da shi a baya.

A asibitin Maiyama bencin jira a cike yake. Wani Bafulatani dogo, mai sanda a kafaɗa, ya ga an shigo da mutum ana riƙe da shi, ya tashi ya ba shi wuri. Sunansa Sa'idu, daga wata ruga ta bayan gari. Kusa da shi matarsa Adama ce zaune, ta dafe kunnen hagu da tsumma, gefen fuskarta ya kumbura, tana ta jujjuya kai don azaba. Nafi'u ya zauna, zafin ƙafa ya sa ya yi nishi ya ce, "Wayyo, a hankali." Sa'idu ya juyo. Muryar da ta yi ta amsa-kuwwa a lasifika duk ranar kasuwa ba ta ɓuya a bayan rawani.

"Dakta," ya ce a hankali. "Kai ma ka zo?"

Nafi'u ya ce ba shi ba ne, kama ce. Sa'idu bai yi musu ba. Ya sa hannu a aljihu ya fito da 'yar kwalba, saura kaɗan a gindinta. Daidai nan malamar asibiti ta leƙo ta kira Adama. Sa'idu ya miƙa mata kwalbar.

"Kin tambaye ni abin da munka ɗiga mata tun da kunnen ya hwara ruwa. Ga shi. Ga kuma mai shi nan zamne."

Duk bencin ya juyo. Malamar ta buɗe kwalbar ta sunsuna, ta dubi Nafi'u, ta dubi ƙafarsa da ke ɗigar ruwa a kan siminti. Ba ta zage shi ba. Ta ce wa mai taimaka mata a fara shigar da matar, shi kuma a shimfiɗa masa leda a ƙarƙashin ƙafa kada ya ɓata wuri. Raihanatu tana tsaye a jikin bango, ta ja mayafi ta rufe fuska. Ita ce ta ji kunyar da ya kamata ya ji.

Da aka zo kansa, aka duba aka ce abin ya wuce nan, sai babban asibiti a Birnin Kebbi. Can aka yanke 'yan yatsun biyu da wani sashe na tafin ƙafar, aka yi ta ɗura masa ruwa da allurai har zazzaɓin ya sauka. Likitan ya ce ya yi sa'a. Ummukulsum ce ta yi jinyarsa, sana'arta ta tsaya cik, masu ƙosan Aliero suka koma wajen wata.

Wanda ya yi zaton wannan zai sauke Nafi'u bai san shi ba. Ya dawo gida yana ɗingishi, kuma kafin raunin ya gama rufewa ya riga ya shirya bayaninsa. Ga masu zuwa dubiya ya ce mahautan Jega ne suka binne masa ƙashin don kasuwarsa ta tsone musu ido. Ga waɗanda suka ɗan yi boko ya ce man ne ya tsare cutar a 'yan yatsu, ba don shi ba da har gwiwa za a yanke. Likitoci kuwa, a cewarsa, sun yi gaggawar sa wuƙa ne don kada a gane maganinsa ya fi nasu. Sai dai bai sake soya ganye ba. Ummukulsum ta sayi kwaɗo ta kulle ɗakin da take ajiye mai, ta rataye makullin a wuyanta, kuma ba ta ɓoye dalili ba.

Raihanatu ta kammala bincikenta ta rubuta abin da ta gani, ba ƙari ba ragi: man ya hana wasu ƙwayoyin yaɗuwa a faranti, wasu bai yi musu komai ba, ana bukatar ƙarin gwaji. Ta samu aiki a wani ɗakin gwajin jini a Jega. Tana gaishe da yayanta in sun haɗu, tana yi wa 'yarsa Sumayya ɗinkin salla, amma ba ta ƙara nuna masa komai na aikinta ba.

Ƙafar ba ta iya tayar da babur, don haka ya sayar da shi. Yanzu yana gadin babura a bakin kasuwar Maiyama, a ƙarƙashin wata rumfar kwano, yana zaune a kan kujerar roba ya miƙe ƙafar a kan bulo. Mutane na kiransa Dakta, yana amsawa da fara'a, shi kaɗai ne bai ji abin da ke cikin kiran ba.

Sa'idu yakan zo kasuwa da babur, kuma da yake rumfar Nafi'u ce ta fi kusa da wajen masu dabbobi, nan yake ajiyewa. Sukan gaisa sama-sama. Nafi'u bai taɓa tambayarsa jikin matarsa ba. Wata ranar kasuwa, Sa'idu yana kwance igiyar da ya ɗaure buhun dusa, ya ce ba tare da ya ɗago ba, "Adama ta samu sauƙi. Amma kunnen ya mutu. In ka yi mata magana ta wannan gefen ba ta ji."

Nafi'u ya gyara zama. "Allah shi sawwaƙe. Amma ku ma da naku. Ni ɗigo na ce a yi, ku kuma na san halinku, tuttulawa kunka yi."

Sa'idu ya tsaya da igiyar a hannu yana kallonsa. Sannan ya mayar da buhun ya ɗaure, ya tura baburinsa ya fita daga rumfar, ya tsallaka titi ya kai shi wajen mai gadin da ke can gefe, cikin rana. Nafi'u ya bi shi da ido, ya juya ga mai shayin da ke kusa ya ce mutanen daji ba su iya karɓar gyara ba.